Wane Hoto Likita Ya Ce a Yi?

A cikin baƙaƙen Hausar boko babu harafin X. Yaron da ya yi firamare a Zinyau ko Saji ko Rurum ya haddace su tun daga farko har ƙarshe, har da masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, amma bai taɓa cin karo da X a cikin kalmar Hausa ba. Sai ga wannan harafi zaune daram a takardar da likita ke miƙa wa majinyaci a Rano ko a asibitocin Kano, idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko babur ya kayar da mutum a hanyar Kibiya. Da bakinmu ya ga ba zai iya da shi yadda ya zo ba, sai ya lanƙwasa shi ya ce eksire. Mafi yawan mutane kuwa ba su tsaya wannan wahala ba, suka ce hoto. "An ce a je a yi hoto." Abin da ke damuna shi ne, na'urori huɗu mabambanta ne suke amsa wannan suna ɗaya a asibiti, aikinsu daban, kuɗinsu daban, haɗarinsu ma daban.

Harafin X shaida ce ta mutumin da ya ga abu ya ce bai san ko mene ne ba. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, wani malamin kimiyya mai suna Wilhelm Röntgen yana gwaji da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, yana tura wutar lantarki ta ciki. Ya rufe kwalbar da baƙin kwali, ɗakin kuma duhu ne, amma sai ya ga wani allo da aka shafa wa sinadari yana ƙyalli can gefe. Wani abu ne ke fitowa daga kwalbar, yana ratsa kwalin, ido bai ganinsa. A lissafin Turawa, tun zamanin René Descartes wanda ya wallafa littafinsa a 1637, da X ake rubuta adadin da ake nema ba a kai ga gano shi ba. Röntgen ya ari harafin ya laƙaba wa abin. Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hannun matarsa, Anna Bertha, aka ga ƙasusuwan yatsunta da zobenta baro-baro, naman kuma ya zama kamar hazo. Kafin watan ya ƙare ya miƙa bayanin bincikensa. Shi ya fara karɓar kyautar Nobel ta fannin fiziks a 1901, kuma ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, ya bar wa duniya. A 1912 wani Bajamushe, Max von Laue, ya tabbatar da cewa abin nan ɗan'uwan hasken da muke gani ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, shi ya sa yake iya kutsawa inda hasken rana ba ya shiga. An gano amsar lissafin, amma sunan ya riga ya bi shi.

Ba kowa ne ya yarda da X ba. Tun watan Janairun 1896, a taron da Röntgen ya nuna abin a bainar jama'a, wani dattijon masanin halittar jiki, Albert von Kölliker, ya ba da shawarar a kira shi da sunan wanda ya gano shi. Jamusawa suka karɓa, har sunan mutumin ya zama fi'ili a harshensu. Rashawa da Turkawa da Japanawa ma da sunansa suke kiran hoton har gobe. Larabawa suka bi ta hanyar da ta fi burge ni. Da yake a lissafinsu da harafin sinun ake rubuta adadin da ba a sani ba, sai suka ce al-ashi'atus siniyya, wato tsirkiyoyin haske na sinun. Ba su kwafi surar harafin Bature ba, ma'anarsa suka ɗauka suka ba harafinsu. Wanda ya taɓa kai marar lafiya Masar ya ji ana taƙaita shi da ashi'a. A asibitocin Maraɗi da Damagaram kuwa, inda Faransanci ne harshen takarda, radiyo ake cewa, kuma ba kuskure ba ne: asalin kalmar daga Latin take, tana nufin tsirkiyar haske, daga nan ne kuma akwatin da muke jin labarai ya samo sunansa. Igiyar da ke kawo mana muryar gidan rediyo, da hasken fitila, da wannan mai ratsa jiki, duk dangi ɗaya ne.

Mu namu sunan bai dubi wanda ya gano abin ba, bai kuma dubi hasken ba. Abin da za a miƙo maka a hannu ya duba, da kuma gaɓar da ke ciwo: hoton ƙirji, hoton ƙashi, hoton ciki, hoton haƙori. Wannan hikima ce ta mai buƙata, ba zan raina ta ba. Tsohuwar da aka ce mata za a yi mata hoton ƙirji ta san inda za a dosa ba sai an yi mata dogon turanci ba. Amma kalmar hoto ta zo mana da kayanta. Mun fara saninta ne wurin mai kyamara, wanda ke fito da fuskarka yadda take, har da zanen hula da tsagen kumatu. Don haka zuciya ta ɗauka cewa hoton asibiti ma haka yake, a leƙa cikin mutum a ga kome da kome. Daga nan ake samun wanda zai je asibiti ya dage sai an yi masa hoto don a ga abin da ke sa shi zazzaɓi, da kuma wanda zai dawo gida ransa a ɓace yana cewa an ci kuɗinsa, hoto bai nuna kome ba.

Kyamara tana kama hasken da ya bugi fuska ya dawo. Eksire akasin haka yake yi, yana kama abin da ya ratsa jiki ya fita ta ɗaya gefen. A shekarun farko wasu likitocin Turai da kalmar Girkanci suke kiransa, mai ma'anar zanen inuwa, kuma a ganina babu sunan da ya kai wannan gaskiya. A cikin kan na'urar akwai kwalba marar iska irin ta Röntgen. A gefe ɗaya akwai siririyar waya da ake zafafawa har ta saki ƙananan ƙwayoyin lantarki, sai a fizge su da ƙarfin wuta daga bolt dubu 50 zuwa sama da dubu 100, su je su bugi wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira tangistin. Kusan kashi 99 cikin 100 na wannan ƙarfi zafi yake komawa, ɗan abin da ya rage ne ke fita a matsayin hasken. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar ba ta aiki da wutar da ke rawa, kuma dalilin da ya sa wani lokaci ake ce wa mutane su jira a tada janareto. Hasken ya fita ta wata 'yar taga, ya ratsa gaɓar da aka saita, ya faɗa kan faifan da ke bayanta, ko fim ne irin na da wanda ake wankewa a ɗakin duhu, ko allon zamani da ke aika hoton kai-tsaye zuwa kwamfuta.

Inda hasken ya isa da yawa, wurin ya yi baƙi. Inda wani abu ya tare shi, wurin ya yi fari. Iska ba ta tare kome, shi ya sa lafiyayyen huhu baƙi yake fita. Kitse yana ɗan tarewa, nama da ruwa da jini sun fi shi, sai su fito toka-toka. Ƙashi, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, yana tarewa sosai, ya fito fari. Ƙarfe ya fi kowa, don haka allura da ƙusa da harsashi da kwabon da yaro ya haɗiye suke fitowa fari fat, don haka kuma ake cewa a cire sarƙa da ɗankunne da laya mai ƙarfe kafin a tsaya. Launuka biyar ke nan, da su kaɗai ake karanta kome. Duk abu biyu da suka yi launi ɗaya suna manne da juna, ba a iya raba su. Hanta da jini da ruwa da ƙari duk toka ne.

Inuwa kuma ba ta da zurfi. Mutum biyu in suka tsaya da hantsi, ɗaya a bayan ɗaya, inuwa guda za ka gani a ƙasa, sai ka zagaya gefe za ka san su biyu ne. Saboda haka mai ɗaukar hoton ƙashi yake ɗauka sau biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Ƙashin da ya bayyana a miƙe ta gaba yana iya kasancewa ya goce ta baya. Wanda aka ce masa hoto biyu za a yi wa ƙafa ɗaya kada ya zaci dabarar ƙara kuɗi ce.

Wajen raunin ƙashi Hausa ba ta da talaucin kalmomi. Muna da karaya, da tsagewa, da gocewa, da targaɗe, kuma maɗoran ƙasar Rano sun san bambancinsu da hannu tun kafin a haifi Röntgen. Uku na farko eksire yana nuna su, domin duk a ƙashi suke. Targaɗe kuwa ba ya fita, saboda ba ƙashin ne ya taɓu ba, igiyoyin da ke riƙe gaɓa ne suka miƙe ko suka yage. Nan ne wata kalmar tamu take ruɗa mu, wato jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran wadda ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓɓai, da ita muke kiran wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Abu huɗu ne, likita yana da suna ga kowanne, kuma babu ko ɗaya da ke fita sosai a eksiren gaɓa na yau da kullum. Mai ciwon baya da ke sauka ƙafa yana iya yin hoto a ce ƙashinsa lafiya lau, alhali ciwon yana nan, a jijiyar da ta matse. Guringuntsi ma ba ya fita. Ƙarshen ƙasusuwan yara, inda tsawo ke ƙaruwa, guringuntsi ne, sai ya bayyana kamar tsaga a hoto, wanda bai ƙware ba ya rantse karaya ce. Akwai kuma siririyar tsaga, musamman a wuyan hannu, da ba ta bayyana ranar da aka faɗi sai bayan kwana 10 zuwa 14. Idan likita ya ce a dawo a sake, wannan yake tsoro.

Ina ganin maɗori da mai hoto ba abokan gaba ba ne. Yau akwai maɗoran da ba sa taɓa karaya sai an kawo musu hoto, kuma sun kyauta. Hannu yana jin ƙashi ya rabu, amma bai san ko tsagar ta shiga cikin gaɓa ba, ko ƙashin ya farfashe gida uku, ko kan ƙashin cinya ne ya karye a cikin ƙugun tsoho, irin karayar da ɗori ba ya kamawa. Irin waɗannan na Asibitin Ƙashi na Dala ne, wanda ke aiki a Kano tun 1959, da sauran manyan asibitoci. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura suka yi sanyi ko suka canza launi, ba a kwana da su a gida. (A rubuce kuma, masu allon sanarwa su daure su riƙa sa wa ƙashi lanƙwasarsa, domin in babu ita wata kalma ce daban, kuma ita ma ana gwajinta a asibiti.)

Hoton ƙirji shi ne wanda aka fi yi. A takarda za ka ga an rubuta CXR, shi ke nan ake nufi. Alamar # kuwa a rubutun likitoci karaya ce, harafin R ko L da ke kusurwar fim kuma yana nuna dama ko hagu. Majinyaci yana tsayawa ya manna ƙirjinsa da allo, na'urar tana bayansa da tazarar kusan mita biyu, sai ya ji an ce, "Baba, a ja numfashi sosai, a riƙe." Ana so huhu ya cika da iska ne don ya yi baƙi sosai, duk abin da ba iska ba ya fito fili. Da haka ake ganin ciwon haƙarƙarin da ake kira namoniya, da ruwan da ya taru a gefen huhu, da huhun da ya sace, da zuciyar da ta faɗaɗa, da ramukan da tarin fuka ke yi a saman huhu. Sai dai inuwa ba ta faɗin sunan ƙwayar cuta. Tabon tsohon tarin fuka da aka warke yana iya kama da sabo, wata cutar ma tana iya kwaikwayonsa. Hoto zargi yake kawowa, gwajin kaki ne ke yanke hukunci, kuma gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen tace hotunan ƙirji don neman tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, abin da ya sa ƙaramar na'ura za ta iya zuwa ƙauyen da babu likitan hoto. Duk da haka, wanda manhajar ta zarga sai ya ba da kaki. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da ciwon suga da hawan jini kuwa, babu ruwansu da hoto, na jini ne da awo.

Sauran ukun da ke amsa sunan hoto fa? Wanda mata suka fi sani shi ne sikanin, wanda ake shafa wa ciki mai sanyi a goga wani abu a kai. Wannan ba haske ba ne sam, sauti ne da kunne ba ya ji, ana tura shi ya bugi abin da ke ciki ya dawo. Wani likitan mata a Gilasgo, Ian Donald, shi ya fito da amfaninsa a 1958. Yana ganin ɗan tayi da hanta da ƙoda da matsarmama, amma ƙashi da iska suna toshe shi, wato inda eksire ke da ƙarfi nan yake da rauni. Na biyu shi ne siti-sikan, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe. Shi eksire ne tsantsa, sai dai kwalbar tana zagaya jiki tana ɗauka ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa ta fito da jiki yanki-yanki. Harafin T da ke sunansa daga kalmar Girkanci yake mai nufin yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera shi, aka fara gwada shi kan majinyaciya a Landan a 1971. Shi ake nema idan mutum ya bugu a ka ana tsoron jini ya taru a ƙwaƙwalwa. Na uku shi ne MRI, mai aiki da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, gwanin nuna laka da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin gaɓa. Waɗannan biyun na ƙarshe sai manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kuɗinsu ya ninka na eksire sau da yawa. Mutumin Zinyau da ya sayar da buhun masara ya kama hanyar Bunkure zuwa Kano da kalmar hoto kaɗai a bakinsa, bai san ko kuɗin da ke aljihunsa zai kai ba.

Babban abin da wannan suna ɗaya ke ɓoyewa shi ne haɗari. Sikanin da MRI ba su da hasken nan mai ratsa jiki, eksire da siti-sikan suna da shi. Macen da aka yi wa hoton ciki sau uku a wurin awo ba abin da ya same ta, tana iya ɗauka cewa kowane hoto haka yake, ta shiga ɗakin eksire ba ta faɗi tana da juna biyu ba. Hasken yana iya lahanta ƙwayoyin halittar jiki, waɗanda ke saurin girma sun fi saurin taɓuwa, don haka ɗan tayi da ƙananan yara ne aka fi kiyayewa. Mutanen farko da jikinsu suka koyi wannan darasi. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya yi ta gwaji da hannuwansa har aka yanke su, ya rasu a 1904. Daga irin wannan ne aka samo rigar dalma, da bangon ɗaki mai kauri, da al'adar ma'aikaci ya koma bayan shinge kafin ya danna. Ba gudun majinyaci yake yi ba, shi kullum yana cikin abin, majinyaci kuwa sau ɗaya ne.

Tsoron ma kada ya wuce gona da iri. Ana jin masu cewa hoto yana shan jini ko yana rage kwana, har su ƙi yi alhali suna buƙata. Ba ya taɓa yawan jini, kuma ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura. Kowane ɗan'adam yana samun irin wannan haske kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da mutum ke samu a haka cikin mako biyu ba. Siti-sikan na ciki kuwa ya kai na kimanin shekara uku, shi ya sa ba a yin sa sai da dalili mai ƙarfi. Haka nan hoto ba magani ba ne. Akwai inda ake amfani da haske mai ƙarfin gaske a ƙona ciwon daji, wanda mutane ke kira gashi, amma wannan wata na'ura ce da wani sashe, kuma shi ma daban yake da gashin ƙashi da ake yi wa mai shanyewar gaɓa.

Ko ma'aikatan, suna ɗaya muke ba su, mai hoto, ko mu ce likita mu huta. Mutum biyu ne. Akwai wanda ya karanci sarrafa na'ura da saita jiki da auna haske, irin waɗanda Jami'ar Bayero ke yayewa, kuma akwai hukumar tarayya da aka kafa a 1987 mai yi musu rajista. Akwai kuma likitan hoto, wanda ya gama karatun likita ya ƙara shekaru yana koyon karanta inuwa, shi ke rubuta bayanin da ake maƙalawa a fim. Idan mai ɗauka ya ce, "Hajiya, a kai wa likita, shi zai yi bayani," ba rowar magana ba ce, iyakar aikinsa ya tsaya.

Ba na goyon bayan a kori kalmar hoto, ta riga ta zauna, kuma ta yi mana aiki. Abin da nake nema shi ne a daina barinta ita kaɗai. Eksire ya shiga bakin mutane, a bar shi, a rubuta shi da baƙaƙenmu. Ma'aikacin lafiya a Zinyau ko Tarai ko Rano, in zai tura mutum, ya faɗa masa a fili: eksire ne na ƙirji, ko sikanin ne na sauti, ko siti-sikan ne, ga abin da ake nema, ga garin da ake yi. Masu shirin lafiya a gidajen rediyon Kano su ma su riƙa rarrabewa. Kai kuma mai karatu, ranar da aka miƙo maka takarda, tambayi wane hoto ne da abin da ake son gani kafin ka bar gaban likita. In mace ce mai ciki ko mai zaton ciki, ta faɗa tun a bakin ƙofa. Fim ɗin da aka ba ka kuma ka adana shi a inuwa, kada ka naɗe shi, ka riƙa zuwa da shi duk lokacin da za ka koma asibiti, domin likita yana gane abubuwa da yawa idan ya jera tsohon hoto da sabo.